Madina a Kan Ƙusa

Likitar ba ta tambayar takarda, shi ya sa muka wuce asibitoci uku muka je wurinta, can bayan gonakin dabino na Ƙuba. 'Yar Sudan ce mai manyan hannaye. Ta tsayar da Afnan a kan tebur, ta haɗa mata idon sawu biyu, sannan ta zura dunƙulen hannunta tsakanin gwiwoyin yarinyar. Hannun ya shige har da sauran wuri.

"Shekarunta nawa?"

"Bakwai," in ji uwarta.

"Yaushe rabonta da rana?"

Na yi dariya, ni kaɗai. A Madina ake wannan tambayar, garin da rana ke toya tafin ƙafa ta cikin takalmi. Likitar ba ta taya ni ba. Ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce magani rabin aiki ne, ƙashin yaro sai da rana yake ƙwari, sai da gudu da tsalle. Ta ce a bar ta ta yi wasa a waje da sauran yara. Ta faɗe shi a sauƙaƙe kamar mai cewa a sha ruwa.

Muka yi godiya, muka koma gida, muka kulle ƙofa.

Afnan jikata ce, 'yar Ummukulthum, wadda muke kira Ummu. A garin nan aka haifi Ummu, a garin nan aka haifi Afnan, kuma a wurin hukuma babu ko ɗayansu a garin. Mijin Ummu, Issoufou, direba ne. Ya saɓa da kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu, ta matarsa ta bi ta domin a jikin tasa take rataye. Shekara uku ke nan da aka tare shi a hanyar Jurf aka mayar da shi Damagaram. Ni kuwa iƙamata ta ma'aikacin kantin littattafai ce, ba ta ɗaukar kowa sai ni. Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da littattafai, waɗanda ba su sayu ba na karanta su. Babu wanda ya faɗa mini yadda ake ɓoye yarinya a hawa na uku.

Gidan na Tahir ne, a unguwar Sih, kuma shi ne a ƙarƙashinmu. Ɗan ƙasa ne, amma kakansa Bakatsine ne da ya zo da ƙafa. Hausarsa ta tsufa a bakinsa, yana fito da ita kamar mai fito da kayan Sallar bara. Ranar da Ummu ta dawo wurina da yarinyar da akwati biyu, ya tsayar da ni a matakala ya ce, "Ya Malam Abdussamad, ni tsoho ɗaya na ba haya. Abin da kunnena bai ji ba, babu shi." Na fahimta. Duk wanda ya ajiye marar takarda a gidansa, shi ma ya shiga ciki.

Saboda haka Afnan ta tashi da safa a ƙafa. Ta koyi rufe ƙofa da hannu biyu. Idan dariya ta kama ta, sai ta kifa fuska a matashin kai. Uwarta tana fita yi wa amare lalle, niƙabi yana rufa mata asiri a titi, amma yarinya 'yar bakwai a waje lokacin makaranta tambaya ce mai tafiya da ƙafa. Makaranta ni ne. Na koya mata karatu da rubutu da lissafi da sunayen koguna. Tana karanta Larabci fiye da jikokin Tahir masu jakar makaranta da motar ɗauka. Hausa tana ji sarai, amma da Larabci take amsawa, sai in ta ga dama. Na cika mata kai, ban taɓa duban ƙafafunta ba sai da wata 'yar Sudan ta zura hannu a tsakaninsu.

Abu ɗaya nake so a abin da ya rage mini na duniya: yarinyar nan ta zauna a inda zan gan ta kullum. Matata Zinariya tana kwance a maƙabartar Baƙi'a shekara biyar ke nan. Afnan ce kaɗai mai irin goshinta.

Tagar falonmu gabas take kallo. Daga ƙarfe takwas zuwa goma rana tana shigowa ta shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma, idan aka ɗage labule. A daidai wannan lokacin Tahir yana gonarsa ta Ƙuba, matarsa kuma ta daɗe da kurumcewa, Allah ya ƙara mata lafiya ta sauran wurare. Awa biyu ke nan na rana da izinin motsi. Na ce wa Afnan ta yi tsalle. Ta yi uku ta zauna ta ce ta gaji, kuma me ya sa. Gaskiyarta. Ni ma ban taɓa yin tsalle babu dalili ba.

Sai na ƙirƙiro dalili. Na kwaso kwalayen dabino daga bayan kanti, na yanka su murabba'i ashirin da huɗu, na liƙe su a ƙasa da salatif, daga ƙofar ɗakin girki, suka bi soro, suka kewaye falo. A kan kowane na rubuta sunan gari. Ba daga littafi na samo su ba. Kakar Zinariya, Tasallah, ta bar Kano tana amarya, ta iso Madina bayan shekara goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu da kabari biyu a baya. Zinariya ta haddace garuruwan daga bakinta, tana jero su idan tana tankaɗe. Kano, Maiduguri, Lami, Abeshe, Jinaina, Ubayyid, Jazira, Hartum, Sawakin, Jidda, da ƙananan da ke tsakani. A ayari ɗaya suka zo da kakan Tahir. Da aka zo raba takardar zama ɗan ƙasa, kakan Tahir ya karɓa. Mijin Tasallah ya ce shi maƙwabtakar Annabi ya zo nema, ba takarda ba. Mutumin kirki ne, an ce. Har yau muna cin albarkacin kirkinsa a hawa na uku.

Dokar wasan mai sauƙi ce. Babu ɗan itace ko dutse da ake turawa, mutum da kansa ne ke tafiya. Ana jefa ƙwallon dabino huɗu, waɗanda suka faɗi tsagarsu a sama su ne yawan garuruwan da za ka taka. Duk garin da ka tsaya yana da aikinsa. A Maiduguri tsallen kwaɗo biyar. A Lami akwai kogi, wato tawul shuɗi, sai ka tsallake ba ka taɓa shi ba. A Abeshe 'yan fashi, sai rarrafe a ƙarƙashin tebur. A Jinaina ƙaya ta soke ka, sai langa da ƙafa ɗaya har gari na gaba. Jazira ita ce mafi muni: guzuri ya ƙare, ka tsaya tsinkar auduga, durƙuso goma, kuma a tsallake ka jifa biyu. A Sawakin ka zauna ka tuƙa jirgi da muciya.

Da na zo kwali biyu na ƙarshe sai hannuna ya tsaya. Ba a rubuta Makka a ƙasa a taka. Ba a rubuta Madina a ƙasa yarinya ta dira a kai da safa. Ko wanda bai taɓa buɗe littafi ba ya san wannan. Sai na huda su na sa zare, na nemi abin ratayewa. Ƙusa biyu ne a bangon falo. Ta ƙasa ta kalanda ce, daidai kafaɗar Afnan, na rataye Makka. Ta sama Zinariya ce ta kafa ta da tushen turmi don rataye mayafinta. Doguwa ce, ta fi ni da yatsa huɗu, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Nan na rataye Madina. Wanda ya taɓa ta da hannu shi ya ci.

"Sidi, wannan ba adalci ba ne," in ji Afnan da Larabci. Sidi take kirana, kamar yadda yaran nan ke kiran kakansu. "Kai kana taɓawa a tsaye."

"Ni na riga na zo. Ke ce matafiyar."

"To me ya sa kake wasan?"

"Don in ga wahalarki."

Ta murguɗa baki irin na kakarta, ta jefa ƙwallayen.

Ba zan yi ƙarya ba, watanni biyun da muka yi muna wasan nan sun yi daɗi, kuma ban yafe musu ba. Ta cire safa. Rana tana dukan ƙwaurinta. Ta faɗa kogin Lami sau ba adadi, tana cewa kada ne ya ja tawul ɗin. Idan na faɗa Jazira sai ta tsaya a kaina hannu a ƙugu tana ƙirga mini durƙuso, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Shida. Wannan ba durƙuso ba ne, Sidi, gaisuwa ce. Sake."

"Ke, ni sa'an wasanki ne?"

"Auduga ba ta san tsoho ba. Yalla."

Wannan ta faɗe shi da Hausa tsantsa, ban da kalmar ƙarshe. Na sake durƙuson don in ji ta ƙara.

Ta fara cin abinci. Ta fara yin barci ba ta kukan ciwon ƙafa. Ta haddace garuruwan a jere, kuma wata rana na ji ta tana rera su a ɗakin girki. Na fita soro na tsaya ina duban takalma har ta gama.

Amma ba ta taɓa ci ba. Kullum za ta iso Jidda, ta shafa Makka, ta tsaya ƙarƙashin ƙusar Zinariya ta yi tsalle. Da farko tazarar ta kai taƙi guda. Na riƙa yi mata alama da fensir a bango, inda yatsanta ya kai. Alamomin suna hawa, amma a hankali, kamar layin masu neman takarda.

"Baba, ka sauko mata da shi mana," in ji Ummu. "Yarinya ce. Ka bari ta ci ko sau ɗaya."

"Tasallah babu wanda ya sauko mata da shi."

"Tasallah ta mutu tun kafin a haife ni. Wannan tana da rai."

"Likita ta ce tsalle. Ga tsalle."

"Ba don likita ba ne, don ƙusar ce. Ka ɗauka ban sani ba?"

Na buɗe littafi na sa a fuskata. Amfanin littafi ke nan da na fi sani.

Ranar Juma'a ba ma wasa, domin Tahir ba ya zuwa gona. Wannan doka ni na kafa ta, kuma ni na karya ta. Na dawo daga masallaci, Ummu tana gida, an ci abinci, Afnan ta tsaya tana duban bango. Alamar jiya saura yatsa biyu.

"Sau ɗaya, Sidi. Ba wasa ba, gwaji kawai."

Ummu ta ce a'a. Na ce sau ɗaya ba komai. Ta yi tsalle, kwalin ya motsa da iskar hannunta. Na ga ya motsa, wallahi na gani. Na ce, "Ƙara." Ta ƙara. Na ce, "Ki durƙusa sosai kafin ki tashi. Ƙara!" Ummu ma ta ajiye kwano tana kallo, hannu a baki. Ban san sau nawa ba. Ni da na yi shekara uku ina tafiya a gidana kamar ɓarawo, na tsaya tsakiyar falo ina ihu kamar mai kallon dambe, yarinya tana dira da ƙafa biyu, tana dariya da baki buɗe, babu matashin kai.

Ba ta taɓa kwalin ba. Ta zauna tana haki. A cikin shirun ne muka ji muryoyin maza daga ƙasa, da ƙarar ƙananan kofunan gahawa.

Tahir bai hau ba sai washegari da hantsi. Bai je gona ba. Ummu ta ja Afnan ɗaki, na buɗe ƙofa, ya shigo yana haki saboda matakala. Ya ƙi zama.

"Ya Malam, jiya baƙi gare ni. Masu neman auren Najwa." Autarsa ke nan. "Ɗakin baƙina yana ƙarƙashin nan daidai. Fitilar sama tana rawa. Kawun yaron ya ɗaga kai ya ce, masha Allah, tsohon nan naka na sama yana da ƙarfi. Ya ce har yana dariya da muryar yarinya."

"Sai ka ce masa aljanu gare ni."

"Ba wasa na zo ba. Ka san inda mutumin yake aiki? Aikinsa ke nan, neman irin wannan. Ya sha gahawa ya yi murmushi. Zai zama surukina, zai riƙa shigowa gidan nan kowane mako."

Sai a lokacin ya dubi ƙasa. Yana tsaye a kan Abeshe. Ya ja ƙafarsa, ya sunkuya ya karanta, ya bi layin da ido har Jazira.

"Kakana ya yi shekara huɗu a nan," ya ce. "Yana cewa yatsunsa har ya mutu suna jin audugar." Ya bi sauran kwalayen har bango, ya ga alamomin fensir, ya ga Madina a sama. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce wani abu da za a iya rubutawa a littafi.

"Wata ɗaya," ya ce. "Kai ka zauna har ƙarshen ranka, ahlan. Su kuwa wata ɗaya. Wallahi ni ba mugu ba ne, ya Malam. Na gaya maka maganar kunnena tun farko. Shekara uku na toshe shi. Kai ka buɗe."

Babu abin da ya fi ciwo kamar mutum ya kore ka kuma yana da gaskiya.

Na nemi gida. Na je Jurf, na je bayan Ƙuba, na je wuraren da ban san ana kwana a cikinsu ba. Gida bakwai. Yanzu haya ta koma cikin waya, mai gida yana tambayar lambar kowane mai numfashi. Wani ɗan Maraɗi ya nuna mini ɗaki a bayan wani gareji, babu taga ko ɗaya. Na tsaya a ciki da tsakar rana ban ga tafin hannuna ba. Na ce zan yi shawara, kuma da gaske na yi. Na dawo na gaya wa Ummu akwai wuri, ƙarami ne amma babu mai ji.

"Akwai taga?"

Na girgiza kai.

"Baba, na je ofishin jakadanci shekaranjiya. Za su ba mu takardar tafiya. Daga nan mu miƙa kanmu a fitar da mu."

"Kin san wanda ya fita ta wannan ƙofar ba ya dawowa da wuri, idan ma zai dawo."

"Na sani."

"Ba ki taɓa ganin Damagaram ba. Ko Hausarki dariya za su yi mata."

"Su yi. Issoufou ya ce akwai tsakar gida. Akwai makaranta a bayan layinsu, ba a tambayar kowa komai." Ta gyara zama. "Ka zo mu tafi. Kai da iƙamarka za ka fita, ta ƙofar mutunci. Kantin ma ba sa buƙatarka, tausayi ne ya sa kafilinka yake sabunta maka."

"Uwarki tana Baƙi'a."

"Wane kabari?"

Ta san amsar. A Baƙi'a babu suna, dutse ne a kan tudun ƙasa, dubbai iri ɗaya. Ranar jana'iza na ƙirga layi daga katanga, na ƙirga duwatsu. Bayan wata shida na dawo na tarar an ƙara layuka, an gyara hanya. Tun daga nan nake tsayawa a wani wuri da na zaɓa in yi sallama, wataƙila ga wani alhaji ɗan Indonesiya.

"Ni mace, ko shiga ba a barina," in ji Ummu. "Daga bayan katanga nake yi mata addu'a. Daga Damagaram ma za ta isa. Baba, ga mai rai nan a ɗaki tana barci."

"Shekara arba'in da ɗaya nake jiran a binne ni a nan. Saura kaɗan."

"To," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. A gidan nan babu wanda ya iya ɗaga murya sai ni, kuma sau ɗaya na yi.

Na karanta labaran mutane da yawa da aka ba zaɓi tsakanin abu biyu, kuma kullum ina ganin wautarsu daga kujerar kanti. Ba zan ce na zaɓi daidai ba. Na zaɓi ramin da ban san inda zai kasance ba, kusa da ramin da ban san inda yake ba.

Ranar tafiya, da na dawo daga sallar asuba suna ɗaure kaya a ɗaki. Na tsaya a falo. Na kwance zaren Madina, na ƙara masa tsawo da wani guntu, yatsa uku, na mayar a ƙusar. Na ja baya na duba. Ba a ganewa, in ji ni.

Da rana ta shigo ta taga na ce wa Afnan, "Zo mu yi na ƙarshe. Yau babu ruwanmu da kunnen kowa."

Ta fito da rigar tafiya da takalmi sabo. Ta cire takalmin ta ajiye a Kano. Muka jefa. Ta tsallake Lami, ta yi rarrafe a Abeshe, rigar ta kwashi ƙura, uwarta ta ƙyale ta. Ni na faɗa Jazira, ta ƙirga mini goma ba ta ce in sake ko ɗaya ba, abin da bai yi mini daɗi ba. Ta tuƙa jirgi. Ta shafa Makka. Ta tsaya ƙarƙashin ƙusar, ta durƙusa sosai kamar yadda na koya mata, ta tashi.

Tafin hannunta gaba ɗaya ya bugi kwalin. Ya yi lilo ya bugi bango.

"Kin iso!" na ce. Na tafa. Ummu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Afnan ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban bango. Ta dubi alamar fensir ta ƙarshe, ta dubi gindin kwalin, wanda yanzu ya sauko ƙasa da alamar. Ni na koya mata lissafi.

"Ka sauko da ita."

"Tsawo kika yi."

"Ga ƙullin zaren nan, Sidi. Fari ne, wancan ja." Da Hausa take magana, a hankali, kalma bayan kalma. "Ban ci ba. Ka mayar inda take."

"Afnan."

"Ka mayar. Idan na dawo zan taɓa."

Na dubi Ummu. Ummu ta dubi akwati. Na kwance guntun zaren a gabanta, na mayar da kwalin inda yake. Ta gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi. Ta tattara ƙwallayen dabinon huɗu ta zuba mini a hannu, ta ce kada in ɓatar. Ta sa takalmi. A matakala ta taka da ƙarfi, kowace taka, tun daga hawa na uku har ƙasa. Ƙofar Tahir a rufe take.

Wata bakwai ke nan. Ummu tana turo saƙon murya ranar Juma'a. Ta ce sun yi kwana goma sha tara a wurin tsarewa kafin jirgi, ba ta son maganar. Ta ce Afnan tana fita tun safe, sai an nemo ta. Ta yi baƙi. An kai ta asibiti, sun ce ƙafafun sun fara miƙewa. Na yi hamdala, kamar yadda ya kamata. Maganin da likita ta rubuta ashe yana nan tun farko, kuma ba ni a cikinsa.

Makon jiya an ba ta wayar. Ta gaishe ni da Hausar Damagaram, da sauri, ana kiranta daga waje. Ta kira ni Kaka. Na ce mata kwalayen suna nan. Ta ce, "Wane kwali?" sannan ta ce, "Au, to," ta miƙa wa uwarta.

Ban ɓamɓare su ba. Salatif ɗin Jinaina ya ɗago, yana kama mini ƙafa idan zan shiga ɗakin girki. An yi bikin Najwa, an aiko mini da shinkafa da nama. Tahir ya tare ni a matakala ya tambayi lafiyata, ya ce kwana biyu ba ya jin motsina ko kaɗan, har ya fara tsoro. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tsoho ɗaya ya ba haya.